Burokoli a Tabarmar Baba Wakili

Ranar da Malam Dalhatu ya tara mu don mu ga abincin da ke sa Turawa su kai shekara ɗari, rago ne ya riga mu gani.

Tun da safe ya bi gida-gida yana sanarwa. Kada kowa ya cika cikinsa da fura yau, akwai abin da za shi fito da shi bayan azahar wanda tun da anka kafa Sabon Birni ba a taɓa ɗora irinsa bisa tabarma ba. Munka yi salla, munka zauna gindin iccen bedin ƙofar gidan Baba Wakili inda muke cin abincin rana tare. Sai ga shi ya fito, kwano a hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri, katin aiki na lilo a wuya. Bai zauna ba. Ya yi gyaran murya, ya yi mana jawabi har tuwon Baba ya huce ya yi fata. Sannan ya ce mu fara yin bisimilla da idanu, ya ɗaga murfi.

Kwaɗon ganye ne. Ganye yankakke da ƙuli-ƙuli da albasa, irin wanda kowace tsohuwa ke yi da rama.

Ya dubi kwanon. Ya juya murfin ya duba, ko abin ya maƙale a can. Ya nufi gida da sauri, kuma da yake zaurensa ba ya riƙe magana, duk mun ji.

"Ni'ima! Ina kan yake?"

"Wane kai, Malam?"

"Dunƙulen nan kore da ke tsakiya, mai kama da ɗan icce!"

"Au, furen? Ai na ga ganyen ya tsufa har ya yi fure, sai na cire na ba rago. Wa ke cin fure?"

Baiwar Allah matarsa Ni'imatullahi ba ta yi laifi ba. Duk macen da ta san girki a ƙasar nan ta san alayyahon da ya yi fure ya wuce ci. Ba wanda ya gaya mata akwai ƙasar da ake cin furen a jefar da ganyen. Da munka leƙa, mun tarar da Malam Dalhatu tsaye gaban turke, hannu a ƙugu, rago na tuƙa yana kallonsa ido cikin ido, ɗan koren abu na leƙowa a gefen bakinsa. Kada wani ya yi dariya. Ni ban yi ba sai da na shiga ɗaki.

Don Malam Dalhatu ba abin dariya ba ne. Kyauta ce Allah ya yi wa unguwarmu, mu ne dai ba mu san darajar kyauta ba. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a ɗakin shan magani, shi ke rubuta suna a kati, shi ke kiran na gaba. Duk wanda ya warke a wurin ta hannunsa ya bi, tunda ba a ganin malamin asibiti sai da kati. Saboda haka in kun ji ya ce "marasa lafiyata", ba ƙarya ya yi ba.

Bana da bazara anka kira bita ta kwana uku a Sakkwato kan abinci mai gina jiki. Shugaban wurinsu anka gayyata, sai ƙafarsa ta kumbura. Anka duba wa ke da riga mai guga, anka tura Dalhatu. Ya tafi a Dalhatu mai kati. Ya dawo da jaka, da falmaran mai aljihu takwas, da wata ƙatuwar takarda a naɗe wadda ba ya yarda kowa ya taɓa da hannun hagu. Kwana uku! Wasu sai sun shekara bakwai a jami'a kafin a ce musu dokta. Kun ga bambancin ƙwaƙwalwa ke nan. Mu munka fara ce masa Dokta don tsokana, shi ya amsa don gaskiya. Abbas ɗan kabu-kabu ya ƙara masa ya zama Dokta Bitamin. Jibrilla manomi ya naɗa shi Sarkin Ganyen Gobir, kuma har yau bai ce a sauke masa rawanin ba.

A otal ɗin da anka sauke su ya fara haɗuwa da burokoli. Ɗan yanki guda anka ajiye masa a gefen shinkafa. Ya rantse mana cewa yana haɗiye shi ya ji idonsa ya washe, har ya karanta allon da ke ƙetaren titi. Ba mu tambaye shi ko da can ba ya iya karantawa ba. Ya samu wani direba da ke ɗauko kayan lambu daga Jos zuwa Sakkwato, da wani da ke ƙarasowa nan garin, anka shirya duk mako za a riƙa kawo masa dunƙule guda. Na farkon shi ne wanda rago ya yi wa bisimilla.

To, ga wanda bai san ciyayya ba, bari in faɗa masa, don a nan maganar take. Mu biyar ne a tabarmar: Baba Wakili mai ƙofar gidan, da Jibrilla, da Abbas, da Dokta, da ni. In an sauko daga sallar azahar kowa ya shiga gidansa ya fito da kwanon da anka zuba masa. A buɗe, a tura tsakiya, kowa ya ci daga kowanne. Ba a tambayar na wane ne wannan. Ba a kallon hannun mutum. Ranar da gidanka babu, kwanon maƙwabci ya rufa maka asiri, ranar da gidansa babu naka ya rufa masa, ba wanda zai ce uffan. Tun da gonakin nesa sunka gagara zuwa, kowa ya dawo yana noma ɗan abin da ke bakin gari, wagga tabarma ita ke riƙe da mu, musamman tsakiyar damina da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Namijin da anka tada daga tabarma kuwa, sai dai ya ci abinci cikin gida yana jin hirarmu ta bayan katanga, kuma kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Tun da na yi wayo mutum ɗaya na san an yi wa haka, kuma bai shekara a unguwar ba.

A tabarmar nan kwanon Jibrilla shi ne sarki. Matarsa Sadiƙa na kiwon zabi, kuma da damina zabi ba sa gajiya da ƙwai. Sai ta kwaɓa fulawa da ƙwan, ta murza a ɗan injinta na hannu, ta shanya bisa igiya, ta dafa, ta zuba manja da yaji da soyayyar albasa. Sau uku a mako taliyar ƙwai ke fitowa. Ranar da ta fito, ko Baba Wakili da ba shi da haƙoran kirki yakan gyara zama.

Wannan taliya ita Dokta ya ɗaura wa yaƙi.

Mako na biyu burokoli ya iso lafiya. Wannan karon Dokta bai bar wa mata aikin ilimi ba. Da kansa ya tsaya a madafi, agogo a hannu, minti uku cif, ba gishiri, ba mai, ba daddawa. Da yake dunƙule guda ne zai kai mako, sai ya kasa shi bakwai, kowane kashi ya fasa shi biyar. Ya fito da kwanon da ke cin tuwon mutum uku, a ƙasansa 'yan rassa biyar suna kwance kamar an manta da su. Kowa reshe guda. Adalci dai ba a fi Dokta ba.

Kafin a ci, ya warware takardarsa, ya rataya a jikin bedi da ƙusa. Hoton taliya a hagu, hoton burokoli a dama, lambobi a ƙasa. Ya karyo tsinke ya riƙe.

"Jama'a, ku buɗe kunnuwanku, don abin da za ku ji yanzu wasu sai sun hau mota suke jin sa. Giram ɗari na dafaffiyar taliyar ƙwai, kalori ɗari da talatin da takwas. Giram ɗari na burokoli, talatin da huɗu kacal. Kun ji tazara?"

Baba Wakili ya ce, "Dokta, mi a kalori?"

"Ƙarfin da abinci ke ba jiki, Baba."

"To wanne ya fi ƙarfin?"

"Taliyar. Ta ninka shi huɗu. Shi ya sa nake ce muku haɗari ce."

Baba ya shafa gemu. "Wato sai na ci kwano huɗu na naka kafin in kamo kwano guda na Jibrilla."

"A lissafi haka ne."

"Kuma naka ya fi."

"Nesa ba kusa ba."

"Allah shi ƙara ilimi," in ji Baba.

Dokta ya ɗauki wannan a matsayin yabo, ya ci gaba. Taliya sitaci ce tsagwaronta, ta shiga jiki ta zama sukari, sukari ya zama kitse, kitse ya zama teɓa. Ƙwan da ke ciki yana da wani abu kolestarol mai toshe jijiya. Bitamin si kuwa ko ɗigo babu a cikinta, alhali burokoli ya fi lemon zaƙi. Ga wani bitamin da ake kira ke. Ga faiba mai share hanji kamar tsintsiya. Ya yarda taliya ta ɗan ɗara a furotin mai gina tsoka, amma ya faɗi wannan da sauri, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai ambaton dangin da ke kurkuku. Daga ƙarshe ya nuna Jibrilla da tsinke.

"Kai musamman, Jibrilla, ina jiye maka ƙiba."

Jibrilla da tun asuba yake duƙe da hauya. Jibrilla da in ya tuɓe riga za ka ƙirga haƙarƙarinsa daga ƙetaren hanya. A tabarmar nan kaf tumbi ɗaya ne, kuma falmaran mai aljihu takwas ce ke fama da shi. Amma mu wa? Mu ba mu je bita ba.

Munka ɗauki reshe-reshe. Abbas ya tauna, ya tauna, ya ce shi dai kamar soson wanka da anka jiƙa. Baba ya ce ɗanɗanonsa awa ruwan da anka wanke kabeji. Dokta ya ce harshenmu ne ya lalace da manja. Ya ci nasa reshen ido a rufe, yana gyaɗa kai, kamar mai sauraron wa'azi.

Sannan ya buɗe ido, ya naɗe hannun riga, ya sa hannu a kwanon Jibrilla.

Na ce ba a kallon hannun mutum a tabarma, kuma ban kalla ba. Gefen idona ne ya kalla, shi kuwa ba shi da tarbiyya. Bakin Dokta na zagin taliya, hannunsa na gaishe ta. Yana cewa sitaci, yana naɗo loma. Yana cewa kolestarol, yana laluben inda manjan ya fi taruwa. Irin wannan ƙwarewa ta yin aiki biyu a lokaci guda, ba kowane mai kati ke da ita ba.

Haka munka yi mako biyar. Kullum rassa biyar, kullum lacca. Da yake gidan Dokta ba firij, cikin jiƙaƙƙen buhu ake ajiye abin kusa da randa, saboda haka ran Laraba ya fara rawaya, ran Juma'a ya fara wari. Dokta ya ce lokacin ne bitamin ke nuna. Ya fara tare mutane a hanya yana duba musu ido. Ya je sunan ɗiyar wani a Kurawa, ya tsaya kan masu rabon waina yana tambayar man da anka soya ta da shi. A kasuwa ya ce wa mai tsire yana sayar da mutuwa a tsinke, mai tsire ya ce to ya ajiye tsinken da ke hannunsa. Duk wannan mun jure. Mun jure kwano huɗu na ciyar da baki biyar, a watan da kowa ke auna hatsi da tafin hannu. Maƙwabci maƙwabci ne.

Abin da ya ɓata lissafi, ranar wata Litinin ce. Dokta ya gama sharce gefensa na kwanon, ya lashe yatsa, ya dubi Jibrilla da tausayi ya ce, "Wallahi matarka tana kashe ka a hankali, ba ta dai sani ba."

Magana ba ta kwana a tabarma. Kafin magariba ta isa kunnen Sadiƙa. Washegari Jibrilla ya fito da kwano, anka buɗe, ɗumamen tuwon jiya. Laraba, ɗumame. Juma'a, ranar da ba ta taɓa wucewa ba taliya, ɗumame. Jibrilla ya ce saƙo ne daga cikin gida: tunda ita mai kisa ce, ta tuba, ba ta ƙara kashe kowa a ƙofar gidan Baba Wakili.

Ranar ko Dokta laccarsa ba ta yi tsawo ba.

Baba Wakili mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya bari anka wanke hannu, sannan ya ce, "Dalhatu." Ba Dokta ba. Duk munka natsu.

"Shekara talatin ina shimfiɗa wagga tabarma, ban taɓa cewa kowa shi ci nashi ba. Yau za ni ce. Daga gobe, kwana ukku, kowa kwanonai. Kai ka ci ganyenka, mu mu ci gubarmu. Ran na ukku, in ganyen ya riƙe ka, ni da kaina za ni ba ɗiyata Sadiƙa haƙuri in ce ta bar taliya. In ko bai riƙe ka ba, ka janye maganarka gaban kowa, ko ka ɗauki kwanonka ka ba mu wuri."

Dokta ya miƙe, ya gyara katin wuyansa. "Baba, kwana uku? Ku mai da shi wata uku. A ƙasashen da sunka ci gaba akwai waɗanda ba su san wani abinci ba sai wannan, kuma su ke ƙera jirgin sama."

Rana ta farko, Asabar. Sadiƙa da ta ji hukuncin, sai ta huce ta inda ya fi zafi: ta cika kwanon mijinta da taliya har murfi ba ya rufuwa, manja na zuba ta gefe. Jibrilla ya zauna daf da Dokta, ya ci a hankali, yana jan kowane zare da sauti. Dokta ya cinye rassansa biyar cikin lomar da ba ta kai biyar ba. Ya zauna. Ya sha ruwa. Ya ƙara shan ruwa. Ya ce bai taɓa jin jikinsa sakayau irin na yau ba. Da la'asar a masallaci ina kusa da shi a sahu, liman na cikin raka'a ta biyu cikin Dokta ya yi wata ƙara mai tsawo, ta hau, ta sauko, ta sake hawa, har na gabanmu ya ɗan waiwayo. Sau biyu yana fita sabunta alwala. Da anka sallame ya ce mana faiba ce ke aiki, mu da hanjinmu ya mutu ba za mu gane ba.

Rana ta biyu ba ta yi daɗi ba, kuma ba don Dokta ba. Tunda kowa nasa yake ci, kowa ya ga na kowa. Abbas ya makara wajen fitowa, ya zauna can gefe, ya buɗe kwanonsa rabi. Tafasa ce dafaffiya, da ɗan ƙuli-ƙulin da bai kai a kira shi ƙuli-ƙuli ba. Ba tuwo, ba gari. Babur ɗinsa kwana tara yana wurin gyara, ashe abin ya kai haka ba mu sani ba, don tabarma ta hana mu sani. Baba ya sunkuyar da kai. Jibrilla ya daina jan taliya da sauti. Kowa ya mai da idonsa kan nasa kwanon, kamar yadda mutanen kirki ke yi.

Ban da Sarkin Ganye. Shi ya leƙa, fuskarsa ta washe, ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Ga wanda ya fahimci darasi! Jama'a, ku dubi kwanon Abbas. Ganye zalla, ba sitaci, ba kitse. Ga ayan mai ƙara jini, ga faiba, ga bitamin. Wallahi duk tabarmar nan, in ka cire ni, ba wanda ya kai Abbas cin abinci mai kyau."

Abbas ya ɗago ya dube shi. "Dokta, ni ba lacca ta kai ni ga ganye ba. Babu ta kai ni."

Ba wanda ya yi dariya. Jibrilla ya dubi Baba, Baba ya kau da kai ya shiga kallon wani tsuntsu da babu shi a kan bedi, Jibrilla ya tura rabin kwanonsa gaban Abbas da ƙafar hagu kamar ba da gangan ba. Dokta ya bi kwanon da ido tun daga inda ya tashi har inda ya tsaya. Maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Ran nan, da zai miƙe, sai da ya dafa bedi, ya ce jiri ne na tsabtar jini.

Rana ta uku, Litinin, har waɗanda ba 'yan tabarmarmu ba sunka zo sunka raɓe a inuwa, wai suna shan iska. Dokta ya fito a makare. Na lura yau kwanon da hannu biyu ya riƙe shi, kuma ba don girmamawa ba. Ya zauna a bakin tabarma, ya ɗan ba mu kafaɗa. Ya buɗe. Kore shar, burokoli ya rufe fuskar kwanon gaba ɗaya, na sauran kwanakin makon duk ya juye.

"Kun gani," in ji shi, "yau ninki na yi, don jikina ya saba, har nema yake."

Bai rataya takarda ba. Bai karyo tsinke ba. Ya duƙa, ya jingina murfin a gefen da muke, ya fara ci shiru. Abin mamaki, hannunsa ba daga sama yake ɗauka ba. Sai ya nutsa yatsu can ƙasa ta gefe, ya dunƙule, ya kai baki da sauri. Rassan da ke sama kuwa suna nan yadda suke, sai dai suna ta yin ƙasa a hankali kamar rufin ɗakin da ruwa ya ci.

Taliyar Sadiƙa tana da hali guda: ba ta tsinkewa. A loma ta shida ko ta bakwai, zare ɗaya ya ƙi shiga. Kansa na cikin bakin Dokta, gindinsa na can ƙarƙashin burokoli, tsakiyarsa na lilo a iska, ja da manja, kowa na gani. Dokta ya tsaya cak. Ya ja da leɓe a hankali. Zaren ya biyo, ya biyo, ya ture reshe guda ya faɗo kan tabarma, ya ci gaba da biyowa, ya shafi gemu, ya ɗiga a kan katin aiki. Tsawonsa ya kai kamu biyu. Ban taɓa jin ƙofar gidan Baba ta yi tsit irin na lokacin ba.

Abbas ya ce, "Dokta, saiwar burokolin ce wannan?"

Wurin ya fashe. Wani daga cikin masu shan iska har ya zauna a ƙasa. Jibrilla ya miƙa hannu ya yaye rassan, ga ta nan jibge, rabin kwano, har da soyayyar albasa.

"Wagga murzar gidana ta," in ji shi. "Ashe shi ya sa jiya da la'asar Ni'ima ta aiko aron injin Sadiƙa da ƙwai shidda, wai baƙi za ta yi daga Kamarawa. Sannu da zuwa, baƙon Kamarawa. Ya hanya?"

Baba Wakili ya bari dariya ta lafa. Ya ɗaga hannu.

"Dalhatu, ba mu hana ka ganyenka ba. Mai yiwuwa duk abin da takardarka ta faɗa gaskiya na, yana da bitamin, yana da tsintsiya. Ka kawo shi mu ci bisa tuwo. Amma kai da kanka ka gwada, kwana biyu bai riƙe ka ba, kai da aikinka zama bisa kujera. Yanzu ga tabarma, ga ƙofar gidanka. Ka ce taliyar Sadiƙa ba guba ba ce, kowa shi ji, a kai mata, mu koma yadda muke. In ba ka iyawa, Allah shi ba mu alheri."

Ya tura kwanonsa tsakiya. Jibrilla ya tura nasa. Ni da Abbas munka tura namu. Saura ɗaya.

Dokta ya dubi ƙofar gidansa. Labulen zauren ya motsa, alamar akwai mai kallo. Ya dubi masu shan iska, waɗanda ko wannensu ya riga ya shirya yadda zai ba da labarin a kasuwa. Ya dubi kwanuka huɗu a tsakiyar tabarma. Na ga zufa ta tsattsafo masa a goshi, har na fara jin tausayinsa, Allah ya kiyaye ban kai ga ji ba.

Ya ciro hankici daga aljihu na bakwai, ya goge gemu, ya goge katin aiki. Ya tura kwanonsa tsakiya da yatsa biyu, kamar mai sa hannu a takardar gwamnati. Ya matso ya zauna daram a wurinsa na kullum, ya naɗe hannun riga.

"Baba, a kai wa Sadiƙa cewa hannunta ba shi da laifi, a duk ƙasar Gobir ba mai murza guba da kyau kamarta. Amma guba guba ce, ban janye ba. Ku da ba ku yi karatu ba kuna zaton daɗi ke kai hannuna kwanon nan? Mako biyar ina ɗauke muku ita da cikina, duk lomar da na ci, loma ce da ba ta shiga jijiyarku ba, ko na gode ba wanda ya ce. Likitan kirki ba ya tashi ya bar marasa lafiya su kaɗai da guba. Ku ci burokolin, na bar muku duka. Jibrilla, matso da kwanon nan gabana, kai ka fi kowa shiga haɗari."